Malamin Labarin Ƙasa Zai Ga Teku

Shekara talatin da biyar ina riƙe da alli,
Ina zana teku fari fat a baƙin allo,
Don ba a taɓa kawo mana shuɗin alli ba.
In ce, "Yara, mafi yawan duniya ruwa ne."
Su rubuta, in duba, a tashi.
Ban taɓa faɗa musu ba
Cewa iyakar ganina dam ɗin Ajiwa.

Sai ga Rumasa'u, autata, ta bugo daga can:
"Baba, na biya. Kwana goma sha ɗaya,
Ɗaki mai baranda a hawa na tara, kai da Inna."
Na ce, "Nawa?" Ta sako zancen zafin Katsina.
Kuɗin da ɗiya ke ɓoye wa uba, na san shi,
Ya ɗara garatutin da na yi shekara huɗu
Ina zuwa sakatariya ina dawowa.

Na je gindin Gobarau na ɗaga kai har hula ta faɗi.
Wai jirgin ya ninka ta, ya sake ninkawa.
Da kantuna a ciki, da asibiti,
Da tafkin wanka can a ƙololuwa.
Ruwa bisa ruwa! Mu da ke Ƙofar Guga
Muna leƙen lungu ko za a ga ɗan garuwa.

An yi fasfo. An yi allurar shawara,
Dantsena ya kwana uku yana mita.
Mai hoto ya ce kada in yi murmushi,
Na ce, "Yaro, ɗan fansho kake gaya wa?"

Takarda ta ce akwai daren cin abinci da kyaftin.
Na kai shadda wurin Ilu tela a Ƙofar Ƙaura.
Ya gwada ni, ya cire fensir daga kunne:
"Malam, babbar riga a tsakiyar teku?
Iska ta shiga ta, sai dai mu ji ka a labarai."
Muka shirya a kan kaftani,
Alhamis ta uku ke nan yana cewa ana gamawa.

Yalwa kuwa ta shimfiɗa tabarma ta baje:
Yaji, kuka, kilishi, man shanu a kwalba.
Rumasa'u ta ce ba a shiga da su,
Abinci na nan dare da rana, sai wanda ka zaɓa.
Yalwa ta ce to. Ta kashe waya.
Jiya na ɗauki safata, na ji nauyi,
Na shinshina: daddawa.

Na tambayi Liman Ɗayyabu ina gabas take
A gidan da ba ya tsayawa wuri ɗaya.
Ya ce, "Ka fuskance ta, in ya juya ka juya,
Ubangijin tudu Shi ne na ruwa."

Na tafi Jibiya don gwaji, na hau kwalekwale.
Ba mu yi nisa ba cikina ya murɗa,
Kunun safe ya dawo ta inda ya shiga.
Mai tuƙi ya miƙo mini buta, ya rusuna:
"Malam, ba ka gane ni ba? Aji uku, kujerar baya.
Kai ka koya mana igiyar ruwa."

Yau saura kwana shida.
Akwatuna biyu na jingine a bakin ƙofa,
Na sa tsohuwar taswirata a ƙasan kaya,
Wadda gara ta cinye mata rabin Indiya.
Da aka ɗauke wuta muka fito tsakar gida,
Yalwa na fifita, ta ce, "Wai da gaske shuɗi ne?"
Na ce, "Haka na koyar."
Ta ce, "Ba abin da ka koyar na tambaye ka ba."
Na yi shiru ina jin kukan gyare.
Na ce, "Bari mu je, Yalwa."